Tambayoyin Masu Karatu: Tsohuwar Motar Iyali da Ta Ci Hanya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry ƙirar 2004 mai silinda huɗu, wadda ta yi tafiyar kilomita 290,000, kuma da ita nake dukkan hidimar iyali. Kwanan nan ta fara shan baƙin mai, har nakan ƙara kusan lita ɗaya kafin lokacin juye ya yi, sannan idan na tayar da ita da safe tana fitar da shuɗin hayaƙi na ɗan lokaci kafin ya ɗauke. Bakanike ya ce sai an sauke inji. Shin in amince, ko kuwa in rabu da ita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar amincewa, domin abin da ka bayyana bai kai ga sauke inji ba tukuna. Shuɗin hayaƙi alama ce ta cewa baƙin mai yana shiga inda fetur yake ƙonewa, amma lokacin da hayaƙin yake fita shi ne ke nuna ta inda man yake bi. Idan da safe ne kawai, bayan motar ta kwana a ajiye, kuma ya ɗauke cikin minti ɗaya ko biyu, to galibi ƙananan robobin da ke wuyan bawul ne suka bushe saboda tsufa da zafi, sai mai ya riƙa ɗiga cikin silinda da daddare, ya ƙone da zarar an tayar. Idan kuwa hayaƙin yana ƙaruwa duk lokacin da ka taka totur, musamman a kan hawa, to zargin ya koma kan zoben fistin, kuma wannan ne aikin da ke buƙatar buɗe inji sosai. Robobin bawul ana iya canza su ta sama, aikinsu kuma bai kama ƙafar wancan ba.

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, ka nemi a yi gwajin matsin iska a kowace silinda. Ana cire fulogi, a ɗaura ma'auni a gurbinsa, a murza inji, a rubuta abin da kowace silinda ta bayar. Inji mai lafiya silindojinsa ba sa nisa da juna, bambancin da ke tsakaninsu bai cika wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Idan ɗaya ta yi ƙasa, sai a zuba ɗan baƙin mai a cikinta a sake gwadawa: idan matsin ya tashi, zoben fistin ne ya cinye, idan kuma bai motsa ba, sai a nemi matsalar a bawul ko a gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin gangar inji da ƙarfen da ya rufe saman silindoji. Haka nan a duba ƙaramin bawul ɗin nan da ake kira PCV, wanda yake fitar da tururi daga cikin inji, domin idan ya lalace yana sa mota shan mai da yoyo, alhali yana cikin mafi arahar kayan gyara. A kuma leƙa ƙarƙashin motar da gefen murfin inji, saboda sau da yawa rabin man da ake cewa inji ya sha, a ƙasa yake zuba.

A ganina, lita ɗaya tsakanin juye da juye ba abin tayar da hankali ba ne ga injin da ya yi wannan tafiya. Abin da ke kashe irin wannan inji shi ne mai ya yi ƙasa ba tare da mai motar ya sani ba. Ka mayar da zaro sandar awon mai al'adarka ta kowane mako, motar tana tsaye a wuri mai daidai, inji kuma a kashe. Kada ka jira jar fitilar mai ta kunnu, domin ita matsin mai take aunawa, kuma a lokacin da ta kama, ɓarna ta riga ta fara.

Batun sayarwa kuwa, mutane da yawa suna kwatanta kuɗin gyara da abin da za a sayi motar, sai su ga gyaran ya yi tsada. Abin da ya fi dacewa shi ne ka kwatanta kuɗin gyaran da abin da za ka kashe wajen samun wata motar da za ta yi maka wannan hidima, wadda kuma ba ka san tarihinta ba. Muddin giya tana shiga lami lafiya, tsatsa ba ta ci ƙarfen ƙarƙashi ba, kuma injin bai taɓa yin zafin da ya wuce kima ba, ni da zan riƙe ta.

Tambaya: Na sayi Honda Accord ƙirar 2005 mai silinda shida a hannun wani, kuma babu wata takarda da ke nuna gyare-gyaren da aka yi mata. Wata ƙawata ta ce in canza bel ɗin taimin, amma ni ban ji wata ƙara ba. Dole ne?

Amsa: Hajiya, ƙawarki ta ba ki shawara mai kyau. Accord ta wannan shekara mai silinda huɗu sarƙa take amfani da ita, amma irin taki mai silinda shida bel ne na roba, kuma wa'adin da aka saba bayarwa shi ne kimanin kilomita 168,000 ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa. Wannan bel shi ne ke daidaita buɗewar bawul da hawa da saukar fistin, kuma ba ya yin sallama kafin ya tsinke. A irin injinki, idan ya tsinke mota tana tafiya, fistin yana dukan bawul ɗin da ya rage a buɗe ya lanƙwasa shi, sai aikin yini ɗaya ya zama babban gyara. Tunda babu shaidar an taɓa canzawa, ki ɗauka ba a canza ba. Idan za a yi, a haɗa da famfon ruwa da abin da ke ɗaure bel ɗin da ƙananan ƙafafun da yake bi ta kansu, domin duk a wuri ɗaya suke, kuma babu hikima a biya kuɗin aikin kwancewa sau biyu.

Tambaya: Motata tana yin zafi idan na shiga cunkoso, amma da na hau buɗaɗɗiyar hanya sai allurar awon zafi ta sauko. An ba ni shawarar a cire tamosta, wato bawul ɗin da ke tsara zagayawar ruwan sanyaya inji, gaba ɗaya. Me kuka gani?

Amsa: Malam, bayaninka da kansa ya wanke tamosta daga zargi. A buɗaɗɗiyar hanya iskar gudu ce ke sanyaya lagireto, a cikin cunkoso kuwa fanka ce kaɗai ke wannan aiki, saboda haka a fara duba fankar, da fis ɗinta, da na'urar da ke umartarta ta kunnu. Bayan ita sai a duba ko lagireton ya toshe da ƙura ta waje ko da tsatsa ta ciki, sannan murfinsa, wanda aikinsa shi ne riƙe matsi don kada ruwa ya tafasa da wuri. Tamosta an sa ta ne domin inji ya yi saurin kaiwa zafin da ya dace da shi, wajen digiri 90 a ma'aunin Salshiyos, ya kuma tsaya a nan. Idan aka cire ta, injin zai daɗe yana aiki da sanyi, kwamfutar mota ta riƙa ƙara masa fetur, ga kuma saurin cinyewa, ainihin matsalar kuma tana nan ba ta gushe ba. Idan ta lalace, a sa sabuwa.

Ina ƙara jan hankalinka kan zafin inji fiye da sauran, domin ƙarfen da ya rufe saman silindoji na yawancin waɗannan motoci na alminiyom ne, kuma zafi mai tsanani sau ɗaya ya isa ya karkatar da shi, gaskit ya ƙone. Alamominsa su ne farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa yana raguwa ba tare da yoyo ba, ko baƙin mai ya koma kamar an gauraya shi da madara. Duk lokacin da allura ta doshi ja, ka tsaya ka kashe inji, kuma kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce. Zuba ruwa zalla a maimakon ruwan sanyaya inji shi ma yana jawo tsatsa a hankali.

Tambaya: Ba a taɓa canza man giyar motata mai sarrafa kanta ba, ga shi ta haura kilomita 200,000. Wasu sun ce idan na canza yanzu giyar za ta lalace.

Amsa: Malama, ki fara duba man. Idan ja ne ko ruwan ƙasa mai haske, kuma giya tana shiga daidai, a zubar da wanda zai fita ta ƙasa a cika da sabo, irin wanda littafin motar ya ambata shi kaɗai, sannan a maimaita bayan 'yan dubban kilomita, tunda kowane juye wani kaso ne kawai na man yake fitarwa. Idan kuwa ya yi baƙi, yana ƙaurin ƙuna, giya kuma tana sulɓewa, to lalacewar ta riga ta auku, sabon mai ba zai gyara ta ba, kuma daga irin wannan ne jita-jitar ta samo asali.

Tambaya: Fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kunnu wata biyu ke nan, amma motar tana tafiya lafiya. In ƙyale ta?

Amsa: A'a, Malam. A jona mata na'urar karanta kwamfuta ta hanyar mahaɗar OBD-II, wadda aka wajabta a motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, kuma yawanci tana ƙarƙashin sitiyari. Lambar da ta fito tana nuna ɓangaren da za a bincika ne: P0171 tana nufin iska ta fi fetur yawa, wanda sau da yawa tsagaggiyar tiyo ce, P0300 kuwa tana nufin wuta tana tsallake wasu silindoji. Idan fitilar ta fara ƙyaftawa a maimakon tsayawa, ka rage gudu ka kai ta gareji a ranar, domin ɗanyen fetur yana wucewa cikin salansa, inda zai ƙona matatar hayaƙi.