Tsohuwar gonar inabi: a tumɓuke ko a farfaɗo da ita?

Wani manomi daga yankin Kudan a Jihar Kaduna ya rubuto cewa ya gaji gonar inabi da ta daɗe ba kulawa. Rumfunan sun zube, ciyawa ta cinye layuka, wasu kuringar sun bushe. Tambayarsa ita ce ko ya tumɓuke duka ya sake sabon dashe.

Malam, kada ka yi gaggawar ɗaukar gatari. Dukiyar tsohuwar kuringa tana ƙarƙashin ƙasa, domin saiwarta ta yi nisan da sabon dashe zai ɗauki shekaru kafin ya kai. Bi su ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, ka ɗan kankare ɓawon kusa da gindi. In ka ga ɗanye mai ruwa, da ranta. In ya bushe har ciki, ko gara ta rarake shi, cire shi ka ƙone. Wadda samanta ya mutu amma gindin na fitar da toho, zaɓi toho ɗaya mai ƙarfi ka ɗaure shi a sanda ya hau rumfa, sauran ka cire. Sai dai ka lura: in kuringar aure aka yi mata, tohon da ya fito ƙasa da wurin auren na gindin ne, ba zai ba ka irin 'ya'yan da kake so ba.

Inda layi ya yi giɓi, ga dabarar da manoman Faransa suka daɗe suna yi: ka lanƙwaso dogon reshe daga kuringar da ke kusa, ka binne tsakiyarsa, ka bar kansa a waje. In ya yi saiwa sai ka raba shi da uwar. A shekarar farko kada ka bari ta ɗauki 'ya'ya da yawa. Na san wannan da ciwo ga mai jiran kuɗi, amma kuringar da ta galabaita in ka ɗora mata kaya sai ta ƙara komawa baya.

Ya kuma tambayi lokacin datse rassa. Manoman Nashik a Indiya, da daminarsu ta yi kama da tamu, sau biyu suke yi: a Afrilu su datse sosai don sababbin rassa, a Oktoba su yi datsar 'ya'ya. Hikimar ita ce inabin ya nuna a rani. Ruwan sama da danshi su ke kawo fumfunar ganye. Maganinta na gargajiya shi ne haɗin Bordeaux, wanda wani masanin tsirrai ɗan Faransa mai suna Millardet ya bayyana a 1885. Yadda aka saba haɗa shi: kilo 1 na shuɗin sinadarin da ake kira kofa salfet, kilo 1 na farar ƙasa, a ruwa lita 100. A bokitin roba za ka haɗa, ban da na ƙarfe, kuma ka fesa a ranar.

Wani kuma ya ce inabinsa kan yi kwantai, an ba shi shawarar matsewa kamar yadda Turawa ke yin giya. Ko ba batun addini ba, irin da muke shukawa na ci ne, ba na matsa ba. Ka yi zabibi. Bari ya nuna sosai a jikin kuringa, domin inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinka. Shanya shi a kan raga, a inuwa mai iska, ka rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙurar hunturu da ƙuda. Wajen kilo 4 na ɗanye ke ba da kilo 1 na zabibi, don haka ka yi lissafin farashin kasuwa kafin ka shanya.