Tambaya da Amsa: Hotunan Dajin Yankari a Faifai Ɗaya Tak

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina binciken digiri na biyu kan namun dajin Yankari. Muna da kyamarori 20 ɗaure a jikin bishiyoyi, kowace da katin memori mai gigabait 32. Duk sati uku mukan juye hotunan a faifan ajiya guda, mu goge katunan mu mayar. Sabis ɗin wurin ba ya iya ɗora kaya mai nauyi haka. Malam, yaya za mu yi kada aikin shekara ya salwanta?
Daga wata ɗaliba, Alkaleri, Jihar Bauchi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Haɗarin yana wurin gogewar nan. Da zarar kin goge kati, kwafi ɗaya ya rage a duniya, kuma giwar da ta gitta gaban kyamara da ƙarfe biyun dare ba za ta dawo a sake ɗaukarta ba.

Ƙa'idar da aka saba ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Kati 20 cike gigabait 640 ne, wato faifai mai terabait 2 zai ɗauki zagaye uku ko da kowane kati ya cika maƙil. Ki nemi faifan ajiya irin SSD ɗaya na yawo, don ba shi da abin da ke juyawa a ciki, yana jure jijjigar babur da ramukan hanya. Ki ƙara faifai biyu na gama-gari masu juyawa, sun fi araha. Sannan kati 20 na canji, domin wanda aka ciro ya zauna da hotunansa har zagaye na gaba.

In an dawo sansani, ki tura ɗan makullin gefen katin, mai hana rubutu ko gogewa, kafin ki sa shi a kwamfuta. Kowace kyamara da jakar fayil ɗinta, da lambarta da kwanan wata, misali K07_2025-03-14. Wannan ba ƙawa ba ne: kyamarori iri ɗaya suna maimaita sunan hoto, in aka zuba su wuri guda sabo ya danne tsoho ba wanda ya lura. Ki kwafa daga katin zuwa SSD, ki sake kwafa daga katin zuwa faifai na biyu, da manhaja mai tantancewa irin TeraCopy. Tana lissafa wa kowane fayil lambar hatimi ta gwada ta asali da ta kwafi. Ko ɗigo ya canza za ta nuna. Ganin sunan fayil a allo ba shaida ba ce.

Faifai na uku ya bi duk motar da za ta shiga Bauchi, ya kwana a ofishin malaminki, a riƙa musanya shi da na sansani. Faifai biyu a jaka ɗaya, a wurin ɓarawo da ruwan sama da gobara, ɗaya ne. Sai na Bauchi ya karɓi kwafinsa za a goge kati, kuma a cikin kyamarar za a yi masa fomat, wato a share shi gaba ɗaya.

Jabun kati ya cika kasuwa: an rubuta 32, cikinsa bai kai ba, ya yi ta karɓar hoto yana lalata shi. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika katin ta karanta shi ta tona asirinsa. Ki gwada kowane sabo kafin ya shiga daji. Zafin Maris da Afrilu kuwa, kada faifai ya wuni a mota rufe. Lokacin hunturu a sa shi a leda mai zif saboda ƙura, da damina a jefa ƙullin silika mai tsotse danshi a ciki. Kwafi a yi shi da batirin kwamfuta cike, ba a dogara da janareto ba, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya ɓata tsarin faifan.

Tambaya: Muna auna ruwan sama a kusa da Dadin Kowa, komai namu yana hawa Google Drive da kansa. Bai wadatar ba?
Daga wani ma'aikaci, Gombe

Amsa: Bai wadatar ba, Yallaɓai. Abin da ka goge a kwamfuta, can ma zai bi shi, kuma kwandon sharar Drive kwana 30 yake riƙewa. Duk ƙarshen wata ka sauke kwafi a faifan da ake cirewa a kulle a durowa, ka ɗauki hoton shafukan littafin awon da waya, sannan ka buɗe fayil goma daga faifan a wata kwamfutar ka tabbatar suna buɗuwa.