Ƙanena mai son zuwa Ingila aikin lambu, tsaya ka ji labarin inuwa

Saƙonka na murya ya same ni a mota da safiyar Talata, ana yayyafi. Ka ce ka gaji da asarar tumatir, bana ma kwando ya faɗi a Kwanar Gafan har kuɗin mota bai fita ba. Ka ce wani ya gaya maka Turawa na neman masu aikin lambu ruwa a jallo, kuma tunda kai a fangali ka tashi, in nemo maka hanya, ko ta karatu ko ta aiki. Har ka ce in ta kama za ka sayar da injin ban ruwa da gonar bakin kanal. Kai ne na huɗu da ya aiko min irin wannan tun bayan Babbar Sallah, shi ya sa zan amsa a nan inda sauran yaran garinmu za su gani.

Ba na shakkar ƙwazonka. Na san ka tun kana bin Baba da buta kana jiƙa iri. Amma abin da ka iya, wanda ni ma shi na zo da shi daga Kadawa, ilimin yaƙi da rana ne. Mu duk dabararmu ta lambu a kan tare zafi da riƙe danshi take: ban ruwa da sassafe, rufe iri da ciyawa, dashe da yamma in rana ta yi sanyi. A Mancesta, inda nake shekara 12 ke nan, ranar ce babu. A ƙarshen Disamba sai kusan takwas da rabi take fitowa, kafin ƙarfe huɗu an kira magariba. Ko da tsakar rana ba ta hawa sama, sai ta maƙale can kudu ƙasa-ƙasa kamar hantsin gida. Katanga mai tsayin mita 2, wadda a Kano inuwarta ba ta kai mita ɗaya da rabi ba da tsakar ranar hunturu, a nan sai ta shimfiɗa inuwa fiye da mita 8. To ka ƙiyasta gidan bene. Akwai bayan gidajen da suka fuskanci arewa, wata uku cur hasken rana bai taɓa ƙasarsu ba. Rabin aikin da nake ci da shi a irin waɗannan wurare yake.

Lambun ma da kake ji, ba irin namu ba ne. Ba albasa, ba attaruhu, ba kwandon da za a kai kasuwa. Ɗan fili ne a bayan gida, wani bai fi tsakar gidan Inna ba, mai shi yana so in ya leƙo ta taga ya ga kore ya ji daɗi. A kan wannan yake biyan kuɗi.

Shekarata ta farko na sha kunya. Maigidan da ya ɗauke ni aiki ya bar ni a gidan wata tsohuwa, na dasa mata shuke-shuke a gindin katanga, na riƙa zuwa ina ba su ruwa kullum kamar yadda hannuna ya saba. Ƙasar wurin laka ce mai riƙe ruwa, ga ba ranar da za ta tsotse shi. Cikin mako uku saiwoyin suka ruɓe. Da na koma gindin wata ƙatuwar bishiya da suke kira sikamo, sai na ce to na gane, nan ƙasar ruwa ce, ban ba su ko ɗigo ba. Su kuma ƙishirwa ta kashe su, domin ganyen bishiyar ya tare ruwan sama, saiwarta ta shanye abin da ya rage. Ana tafka ruwa, ka tona gindinta ka tarar da ƙura. A ranar na san inuwa kala-kala ce: akwai mai laima, akwai busasshiya, akwai wadda haske ke ratsowa ta tsakanin ganye, akwai ta lungu tsakanin gini da gini wadda sai gansakuka. Kowace da abin da take karɓa.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na zarto. Na ga reshe ya rufe wa fili haske, na hau na sare shi, kamar yadda kowa zai yi wa darbejiyar ƙofar gidansa. Ashe bishiyar na cikin waɗanda ƙaramar hukuma ta sa wa dokar kariya, ko mai gidan bai isa ya taɓa ta ba sai da takardar izini. Maƙwabciya ta kai ƙara. Maigidana, wanda bai taɓa gaya min akwai irin wannan doka ba, ya zabtare min kuɗin mako biyu, ya kuma faɗa a gaban yaran aiki cewa nan ba daji ba ne. Har yau in na tuna sai na ji ɗaci a maƙogwaro. Ina da digirin aikin gona a lokacin, yaron da aka sa ya riƙa duba aikina ko sunan takin da yake zubawa bai sani ba. Kuma ko yanzu da nake da motar aikina da sunana a jiki, akwai gidan da zan shiga da yaron da nake koya wa aiki, mai gidan ya tsallake ni ya yi wa yaron bayani saboda shi fari ne.

Abin da ya tsamo ni, ka san mene ne? Gawo. Wata rana a watan Afrilu na shiga wani kurmi na ga ƙasa ta rufe da wani shuɗin fure da suke kira bulubel, alhali bishiyoyin sama ba su gama fitar da ganye ba. Sai na tuna gawon gonar Kawu, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana a gindinsa, ga taki kyauta. Lissafin ɗaya ne, lokacin ne ya juya. Yawancin manyan bishiyoyin nan tsirara suke kwana hunturu, saboda haka daga Fabrairu zuwa farkon Mayu akwai haske a gindinsu. Sai ka binne masu kai irin na albasa tun da kaka, su yi furensu su gama kafin inuwa ta rufe. Daga ranar na daina faɗa da inuwa, na koma karanta ta.

Yanzu in aka kira ni gida, ba na taɓa shebur ranar farko. Ina tsayawa in ga ina gabas, in tambayi mai gida ƙarfe nawa rana ke taɓa wane lungu. Masu sana'ar suna lissafi da awa a tsakiyar lokacin zafinsu: shida zuwa sama rana ce cikakkiya, uku zuwa shida rabin inuwa, ƙasa da biyu kuwa inuwa mai duhu. Abu na biyu, ina gaya wa mutum gaskiya a kan ciyawar ado: a duhu ba za ta yi ba, gansakuka za ta cinye ta, gara a cire a zuba farar tsakuwa a yi 'yar hanya. A shafa wa katanga farin fenti ta riƙa maido da ɗan hasken da ya samu. A nemi fure fari da ganye mai ratsin fari ko rawaya, domin ja da shuɗi mai duhu ɓacewa suke a inuwa. A wuri mai laima ina sa hosta mai faffaɗan ganye, da wani mai ganye kamar gashin jimina da ake kira fan, da haidiranjiya. A busasshiyar inuwa kuwa sai an fara gyara ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, a dasa ƙanana nesa da gindin bishiya, a yi musu ban ruwa shekarar farko har su kama. Helebo na yin fure cikin tsananin sanyi lokacin da komai ya kwanta, tsofaffi na son sa ƙwarai. Hosta kuwa tana da maƙiyi, wani dodon koɗi marar koɗi da ke fitowa da dare ya mayar da ganye rariya. Maganin da aka saba barbaɗa masa an hana amfani da shi tun 2022 saboda yana cutar da tsuntsaye da dabbobi, don haka akwai daren da za ka gan ni da tocila ina tsince su da hannu.

Jikin mutum ma yana neman ranar nan. Hunturuna na biyu ƙasusuwana suka riƙa ciwo, ga kasala, ga baƙin ciki ba dalili, ina idar da sallah hawaye na zuba. Aka auna jinina aka ce bitamin D ya yi ƙasa sosai. Hukumar lafiyarsu na ba masu baƙar fata shawarar shan maikirogiram 10 kullum, duk shekara. Ba wanda ya gaya min kafin in zo. Azahar, la'asar da magariba duk cikin awa huɗu suke haɗuwa a Disamba, kana cikin taɓo, safar hannu ta jiƙe, yatsu sun ƙage. Aikin ma raguwa yake daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuɗin haya da na ɗumama ɗaki kuwa ba sa jira. Ƙasar nan inuwar bagaruwa ce, ga sanyi ga ƙaya.

Batun hanya kuma, kada ka auna da ni. Ni ta dalilin aikin jinyar matata na samu izinin zama da aiki. Bizar aikin gona ta lokaci-lokaci da ake ruɗar ku da ita wata shida ce, tsinkar 'ya'yan itace da kayan miya ne, ba a zuwa da iyali, in ta ƙare a koma gida. Duk ejan ɗin da ya ce ka ba shi miliyoyi zai mayar maka da ita ta zama, ɓarawo ne. Bizar ɗalibi kuwa tana son kuɗin makaranta da shaidar kuɗin zama a banki, da gwajin tarin fuka, da harajin lafiya fam 776 kowace shekara. Awa 20 kawai aka yarda ɗalibin jami'a ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma an hana shi sana'ar kansa, wato ko yankan ciyawar maƙwabci ka karɓi kuɗi ka karya doka. Tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa iya kawo mata da 'ya'ya, kai kuwa ga amarya da goyo. Takardar da ta buɗe min ƙofar sana'ar nan, mataki na biyu na ƙungiyar masu lambu ta RHS, da yamma na yi ta bayan aiki, ba irin karatun da ake ba da biza a kansa ba ne. Amma ana karanta darussanta ta intanet, kana zaune a Kura.

In karatun kake so da gaske, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero. Fara da su, ka fito da sakamako mai kyau, sannan mu nemi tallafin karatu tare. Wannan zan tsaya maka a kai da kuɗina da lokacina.

Kafin nan ga aikin da nake so ka yi min. Garkar mangwaron Baba da kuka bari saboda wai ba abin da ke fita a gindinta, ka je ka wuni a ciki. Ka rubuta awa nawa rana ke taɓa gefen gabas, nawa tsakiya, nawa bakin rijiya. Inda ke samun hantsi ka gwada na'ana'a da gwaza da kurkur, inda haske ke ratsowa ka jera ledoji ka reni mangwaro ɗan aure da gwaiba. Ka kuma nemo moɗa ka sa a tukwane. 'Yar'uwarta, wadda asalinta daga yankinmu na Afirka ta Yamma ne, ita ce a nan ake sayarwa a manyan kantuna don ado a ɗakin da ba haske, kuma masu sababbin gidaje a birnin Kano ma sun fara neman irin wannan. Ka ɗauko min hoton wurin da safe, da azahar, da la'asar. Injin nan kuma kada ka kuskura ka kai shi kasuwa. Ka gaishe da Inna, ka ce mata kuka da daddawar da ta aiko sun iso.