Tambaya da Amsa: Ina binciken soshiyal midiya ya dosa yanzu?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗalibar aikin jarida ce ajin ƙarshe, na kai wa malamina taken furojet ɗina, tasirin Facebook a kan tarbiyyar matasa, ya ce wai an gaji da wannan in canjo. Dan Allah yanzu me masu binciken sadarwa suka fi mai da hankali a kai? Daga ɗalibarku a Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam ƴata. Kar ki ji haushin malaminki, gaskiya ya faɗa miki, wannan taken an tatse shi tas, a raba takardar tambayoyi a aji a ce matasa sun lalace shikenan.

Yanzu an daina tsayawa kan me waya ke yi wa mutane kawai, an koma me mutane ke yi da ita, kuma wa ke zaɓo abin da suke gani, wato algoridim ɗin da zai sa ki buɗe TikTok ki ga girki, ƙawarki kuma ta ga rigimar siyasa. Tun badaƙalar Cambridge Analytica a 2018, kamfanin da ya kwashi bayanan miliyoyin masu amfani da Facebook ba da izininsu ba, ake bin diddigin ina bayananmu ke zuwa. Sai labaran ƙarya, ki tuna 2014 lokacin Ebola da aka tashi mutane da asuba wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har aka rasa rayuka. Ga kuma takun saƙar gwamnati da kamfanonin soshiyal midiya, kamar rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Amma inda nake so ki duba shi ne saƙon murya na WhatsApp. Yawancin binciken Turawa kan rubutun Ingilishi ne da kwamfuta ke iya kwasowa, ko aikin NaijaSenti na 2022, wani bincike kan harsunan Najeriya da ya haɗa da Hausa, rubutun Twitter ya tattara, mu kuwa a Kano magana muke turawa, gwaggonki da ba ta karanta boko ita ce ke tura odiyon mai maganin basir guruf biyar kafin azahar, kuma ba na'urar da ke ganinsa tunda saƙon a kulle yake. Wallahi wannan giɓin yana damuna, nan ne jama'armu suke amma ba a cika bincikarsa ba.

In kuma kasuwanci kike so, shiga Kantin Kwari ki zauna da yaran shago masu ɗora atamfa da leshi a sitatus, ki ga yadda ake ciniki da ƴar Maiduguri ba a taɓa haɗuwa ba, ta turo kuɗi a kai kaya tasha. Tambaye su me ke sa a yarda da juna.

Ki taƙaita kan guruf biyu ko layi ɗaya na kasuwa, ki yi hira baki da baki. Kuma kar ki kwashi saƙon kowa sai da izininsa, ki ɓoye sunaye da lambobi, akwai dokar kare bayanai ta 2023.