Me Ya Sa Zanen Hannun Albert Uderzo Yake Da Tsada Haka?

Tambaya: Na ji an sayar da takarda ɗaya ta zanen Asterix, jarumin littattafan barkwanci masu zane na Faransa, a kan fiye da Yuro miliyan ɗaya, alhali littafin kansa ba shi da tsada. Me ke cikin wannan takarda?

Amsa: Labarin gaskiya ne. A watan Oktoban 2017 aka yi gwanjon zanen bangon littafin Le Tour de Gaule d'Astérix a birnin Paris, aka saye shi a kan kimanin Yuro miliyan 1.4. Littafin da ke kanti injin ɗab'i ne ya buga dubbansa, ita kuwa wannan takarda hannun Albert Uderzo ne ya zana ta, kuma ba ta da ta biyu.

Duk wanda ya taɓa duban ainihin shafukansa na ciki kusa da kusa zai fahimci dalilin. Sun fi na littafin girma, kuma baƙi da fari ne, domin a takarda daban ake sa launi. A nan ake ganin sauran alamun fensir, da farin fentin da aka shafe kuskure da shi, da yadda buroshi ke fara layin tawada siriri sannan ya yi kauri wajen zagaye tumbin Obelix, ƙaton abokin Asterix. Injin ɗab'i yana ƙanƙanta shafin ya haɗiye yawancin wannan, kuma a ganina a nan gwanintar mutumin take.

An haifi Uderzo a garin Fismes na Faransa a 1927, iyayensa 'yan ci-rani ne daga Italiya, kuma tun yana yaro idonsa ba ya bambance wasu launuka. Ya haɗu da marubuci René Goscinny a 1951, suka fito da Asterix a mujallar Pilote ranar 29 ga Oktoban 1959. Littafinsu na farko, na 1961, kwafi 6,000 kacal aka buga. Da Goscinny ya rasu a 1977, Uderzo ya haɗa rubutu da zane shi kaɗai, kafin Jean-Yves Ferri da Didier Conrad su karɓi aikin a littafin 2013. Ya rasu ranar 24 ga Maris, 2020.

Akwai kuma batun ƙaranci, domin ba duka shafukansa ke shiga kasuwa ba. A 2011 ya ba ɗakin karatu na ƙasar Faransa kyautar ainihin shafukan littattafai uku, ciki har da na farkon, saboda haka 'yan kaɗan da ke isa wurin gwanjo masu tara zane-zane ke rububinsu.