Amfilifayar jita mai bawul tana gurnani: in sauya bawul ɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kaɗa jita tare da makaɗan da ke zuwa bukukuwa a Zuru da kewaye. Na sayi tsohuwar amfilifaya ta hannu, wato na'urar ƙara sauti, irin mai bawul (ƙwayayen gilashi masu kama da ƙwan fitila da suke ƙara ƙarfin sautin), kuma tun shigowar hunturu take wani gurnani mara yankewa wanda yake ƙaruwa idan muna kan janareta, sannan in na murɗa maɓallin ƙara sauti sai ta riƙa ƙaras-ƙaras. Mai gyara ya ce in sauya bawul ɗin gaba ɗaya. In bi shawararsa?
Mai karatu daga Zuru, Jihar Kebbi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ciro kuɗi tukuna, domin irin gurnanin da ka kwatanta ya fi fitowa daga wuta da wayoyi, kuma a ganina sauya bawul duka kafin bincike lalube ne cikin duhu.

Fara da zare wayar jita daga jikin amfilifaya. Idan gurnanin ya ɗauke, to laifin yana waje: ko wayar ta lalace, ko kuwa maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana janyo hayaniyar cajar waya, ƙwan fitila na LED ko inbatar sola mai araha da ke kusa. Idan kuwa bai ɗauke ba, rage sauti har ƙarshe. Gurnanin da ya mutu da ka rage sautin, daga matakin farko na ƙara sauti yake fitowa, wato wajen ƙaramin bawul 12AX7, wanda kuma ya ƙi motsi daga ɓangaren wuta yake ko daga manyan bawul irin su EL34 da 6L6.

A nan kunnenka na makaɗi zai yi maka aikin da mita take yi wa mai gyara. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma bayan an mai da ita miƙaƙƙiya a cikin amfilifaya, ragowar kaɗawar takan zama sau 100. Danna mataki na uku na wuyan jita a kan tsirkiya mafi kauri, wadda take ba da sautin G mai kaɗawa kusan sau 98. Idan gurnanin ya yi daidai da shi, manyan kwandansa masu tace wuta ne suka bushe, abin da tsufa yake jawowa, zafin watan Afrilu na Kebbi kuma ya gaggauta shi. Idan ya fi shi kauri sosai, na 50 ne, sai a duba wayar ƙasa, wato wadda take kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa, da wayoyin bolt 6.3 masu ɗumama bawul. Ka yi gwajin a kan wutar gari, saboda gudun janareta yana hawa da sauka.

Ƙananan janareta da ake ɗauka zuwa filin biki galibi ba a haɗa su da ƙasa, kuma sau da yawa doguwar wayar da ake ja daga gare su mai zare biyu ce kawai. Sa mai aikin wuta ya kafa sandar ƙasa, ka nemi waya mai zare uku, kuma kada ka yarda kowa ya karye haƙori na uku na filogi, ko da ya ce ƙarar za ta ragu, domin shi ne yake tsare hannun da ke kan tsirkiya daga jan wuta.

Ƙaras-ƙaras ɗin maɓalli mai yiwuwa ƙurar hunturu ce, kuma maganin feshi na wanke maɓallan rediyo yakan kore ta. Bawul ɗin da ya lalace shi ma yana tona kansa: ƙwanƙwasa kowanne a hankali da gindin fensir, wanda ya amsa da ƙara mai tsini a lasifika shi kaɗai za a sauya. Manyan kuwa bibbiyu ake sauya su, masu ƙarfi ɗaya, a kuma daidaita wutar da suke ja. Idan ka ga farantin cikin ɗayansu ya yi jawur, kashe nan take, kuma kada ka taɓa kunna amfilifayar babu lasifika a haɗe, domin taransifomarta tana iya ƙonewa.

Buɗe cikinta dai ba aikinka ba ne. Akwai bolt 400 ko fiye a ciki, kuma kwandansa suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Koma wurin mai gyaran da sakamakon gwajin nan, ka roƙe shi ya auna kwandansa da wayar ƙasa kafin ya taɓa bawul.