Ƙuma ta hana kajina kwana a akurki, shin in yi musu wanka da fiya-fiya?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ina kiwon kaji 12 da zakara ɗaya a bayan gida. Kusan wata guda ke nan suna yawan susa da tsigar gashinsu, ƙwai ya ragu, zankonsu ya koɗe, kuma da magariba sai sun yi ta ja da baya kafin su shiga akurki. Kaza ɗaya da ke kwanci ta tashi ta bar ƙwanta. In na sa hannu zan ɗauko ƙwai sai na ji wasu ƙananan ƙwari suna bin hannuna, yarana ma sun fara ƙaiƙayi. Na fesa fiya-fiya a akurkin sau ɗaya, suka lafa, bayan kwana goma suka dawo. Yanzu an ce in haɗa fiya-fiyar da kananzir in yi wa kajin wanka. Hankalina a tashe yake, ina tsoron in rasa su gaba ɗaya. Me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, kajin za su murmure da yardar Allah, amma kada ki kuskura ki yi musu wannan wankan, domin zai iya kashe su cikin yini ɗaya, alhali ƙwarin da kike nema su tsira.

Alamomin da kika lissafa, musamman ƙin shiga akurki da tashin mai kwanci daga kan ƙwanta, sun fi kama da jar ƙuma, wadda masana ke kira Dermanyssus gallinae. Wannan ƙwaro ba ya zama a jikin kaza. Da rana yana maƙale a tsagar katako, da ramin ƙusa, da ƙarƙashin busasshen kashin kaji, da wurin da sandar kwana ta haɗu da bango. Sai dare ya yi yake fitowa ya sha jini na kimanin sa'a guda, sannan ya koma maɓoyarsa. Ki tabbatar da kanki a daren yau: bayan kajin sun kwanta ki shiga da tocila da farin ƙyalle, ki goge ƙarƙashin sandar da suke kwana a kai. In kin ga jan layi-layi a ƙyallen, jinin kajinki ne. Da safe kuma ki duba tsagogin, za ki ga wani abu fari-fari da baƙi-baƙi kamar an barbaɗa toka, wannan kashinsu ne da fatar da suka saɓule.

Ki kuma kama kaza biyu ko uku da rana, ki buɗa gashin da ke kewaye da dubura da ƙarƙashin fiffike, ki duba ko akwai ƙwarƙwata ko wani ƙwaron da ke zama a jiki. Ƙwarƙwata launin ruwan ƙasa mai haske gare ta, tana gudu da sauri in haske ya taɓa ta, kuma ƙwanta yana manne cunkus a gindin gashi. Ita tana rayuwarta duka a jikin kazar, tana cin ɓawon fata da gashi, kuma in ta faɗo ƙasa ba ta wuce 'yan kwanaki a raye. In kuwa kin tarar gashin wurin ya yi baƙi ya dunƙule, da ƙananan ɗigo-ɗigo suna motsi, to akwai wata ƙumar dabam mai zama a jiki dare da rana. Sau da yawa akan samu biyu ko duka ukun a akurki ɗaya.

Yanzu bari in dawo kan shawarar da aka ba ki, domin babu ranar da ba na cin karo da ita, kuma ta fi ƙwarin kansu yi wa masu kiwo ɓarna. Mutane sun ɗauka cewa duk abin da ya kashe kyankyaso ko ƙwarin gona zai kashe ƙwarin kaza, kuma gwargwadon ƙarfin warinsa gwargwadon amfaninsa. Abin da ake kira fiya-fiya yawanci sinadarin da ake rubuta wa dichlorvos ne, ko wani haɗi da babu wanda ya san abin da ke cikinsa in ban da wanda ya ɗura shi a kwalba. Irin wannan guba tana toshe wani sinadari da ke tsayar da saƙon jijiya bayan ya isa, sai tsokoki su yi ta aiki ba tsayawa har numfashi ya ɗauke. Haka take yi wa ƙwaro, haka take yi wa kaza, haka kuma take yi wa yaro. Tana shiga ta fata, tana shiga ta numfashi, kuma tsuntsu yana da jakunkunan iska a ƙirji da ciki ban da huhunsa, wanda ya sa tururin guba ya fi saurin kayar da shi fiye da dabba mai ƙafa huɗu. Na sha ganin kajin da aka yi wa irin wannan wankan: yawu na dalala daga baki, jiki na karkarwa, ƙafafu sun shanye, baki a buɗe suna neman iska, mai su kuma yana rantsuwa cewa annoba ce ta shigo masa.

Kananzir ɗin da aka ce ki haɗa shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Yana ƙona fatar da susa ta riga ta yi wa rauni, yana ƙara buɗe wa gubar hanyar shiga jiki, kuma kaza da bakinta take gyara gashinta, saboda haka duk abin da aka shafa mata sai ta haɗiye wani. In ya taɓa ƙwan da ake kwanci a kai yana toshe ƙananan ƙofofin da ɗan tsako ke numfashi ta cikinsu, ya mutu a cikin ɓawo. Baƙin man inji da wasu ke shafa wa katako da ƙafafun kaji ya ma fi muni, domin yana ɗauke da ƙarafa masu guba da sinadarai masu jawo ciwon daji.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai sayar da magani da bai taɓa buɗa gashin kaza ya duba ba, amma zai auna miki murfi biyu ya ce ki zuba a bokiti, kuma in kin tambaye shi yaushe za a koma cin ƙwan sai ya ce babu komai. Da wane ilimi ya faɗi haka? Duk maganin da aka yi wa rajista domin kaji an gwada shi an san kwanaki nawa yake ɗauka kafin ya fita daga nama da ƙwai, kuma an rubuta kwanakin a jikin kwalba. Maganin gona ba a yi masa wannan gwajin a kan kaza ba, balle haɗin da aka yi a bayan shago. Kada kuma a ɗauka ƙaramin mai kiwo ne kaɗai ke faɗawa wannan ramin. A shekarar 2017 an gano cewa an yi amfani da sinadarin fipronil, wanda aka haramta a Turai a kan dabbobin da ake ci, wajen kashe wannan jar ƙumar a manyan gonakin kaji na ƙasashen Holan da Beljiyam. Sai da aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai, aka rufe gonaki masu yawa. Su suna da ɗakunan gwaji da suka bankaɗo abin. Ƙwan da ke fitowa daga bayan gida kuwa babu mai gwada shi, daga akurki sai cikin yara, kuma dafawa ba ta ba da tabbacin kawar da irin wannan saura.

Ko da a ce babu haɗarin komai, wankan ba zai yi aiki ba, domin a lokacin da kike tsoma kazar a bokiti ƙumar tana cikin katako. Wannan ne ma dalilin dawowarsu bayan feshinki na farko: an kashe maciji ba a sare kansa ba. Feshi yana kashe manyan da ya taɓa, ba ya kashe ƙwansu. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3, kuma a lokacin zafi kwana 7 sun isa sabuwar ƙuma ta girma ta fara nata ƙwan. Barin akurkin babu kaji na mako ɗaya ko biyu ma ba ya magani, domin tana iya yin watanni 8 ba ta sha jini ba.

Saboda haka aikin na akurki ne. Ki fitar da kajin da sassafe, ki kwashe shimfiɗa da ciyawar gurbin ƙwai da kashi gaba ɗaya ki ƙona su nesa, kada ki tara su a gefe. Ki cire sandunan kwana da duk abin da ke ciruwa, ki kankare su, ki wanke da sabulu da burushi, sannan ki kwarara tafasasshen ruwa a kowace tsaga, domin zafin da ya haura digiri 45 yana kashe ƙumar har da ƙwanta. Ki shanya komai a rana. Bayan ya bushe sai ki fesa maganin da aka rubuta a jikinsa cewa na ɗakin kaji ne, kamar mai sinadarin permethrin, ki bi ma'aunin da ke kan kwalbar ba tare da ƙari ba, ki sa bakin famfon cikin tsagogin, kina rufe da hanci da safar hannu. Ki kau da mazubin ruwa da na abinci tukuna, kada kajin su koma sai ya bushe, kuma ki nisanta shi daga kyanwa da kifi domin yana kashe su. Sai ki maimaita duk wannan bayan kwana 7, ki sake a karo na uku bayan wasu 7. A nan mafi yawan mutane ke gazawa. Katakon da ya ruɓe ya cika da ramuka kuwa ƙona shi ya fi, sauran tsagogin a toshe su.

Ƙwarƙwata da ƙumar jiki su ne ake yi wa magani a kan kazar. Akwai hodar permethrin ta kaji da ake shafawa har ta taɓa fata a kewayen dubura da ƙarƙashin fiffike, a kauce wa ido da hanci, a yi wa duka garken har zakaran, a sake bayan kwana 7 zuwa 10 saboda ƙwan da zai ƙyanƙyashe. In kin yi duk wannan yadda ya dace ba su ragu ba, mai yiwuwa sun saba da maganin, abin da ya zama ruwan dare a jar ƙuma. A nan sai likitan dabbobi. Akwai magani mai suna Exzolt da ake sawa a ruwan sha sau biyu, kwana 7 tsakani, wanda ba ya hana cin ƙwai amma sai an jira kwana 14 kafin yanka. Ivermectin kuwa yana fita a cikin ƙwai, kada ki ba mai yin ƙwai sai da umarnin likita.

Ki tanadar musu busasshen wuri mai yashi da tokar itace su yi birgima, yana rage ƙwarin jiki sosai ko da yake ba ya isa shi kaɗai. Masu koɗaɗɗen zanko jini suka rasa, ki ƙara musu abinci mai gina jiki da bitamin a ruwa. Sabuwar kaza kuma a ware ta mako biyu a duba ta kafin ta shiga cikin sauran, a kuma cire sheƙar tsuntsaye da ke kusa da akurkin. Ƙaiƙayin yara cizon ƙumar ne, ba ta zama a jikin mutum, wanka da wanke tufafi da ruwan zafi sun wadatar, amma ki hana su shiga akurkin har a gama.

Saura ƙwan da aka yi tun bayan feshin da kika yi. Tunda ba a san abin da ke cikin kwalbar ba, ki daina ci da bayarwa, ki ɗauki kwalbar ki kai wa likitan dabbobi ya duba ya faɗa miki kwanakin da za ki jira. In kuma wani a gidan ya taɓa gubar har ya fara zufa da amai da dalalar yawu ko numfashi da ƙyar, a cire masa tufafin, a wanke masa jiki da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, kada a tsaya sa shi amai.